Tarihin Malam Sadisu Direba, Mai Tabarmar Layin Shanya

Haihuwa da Nasaba

An haifi Malam Sadisu Mudi a shekarar 1957 Miladiyya, a ƙauyen Rafin Ɗinya da ke ƙasar Bebeji, ƙauyen da yau ba a iya nuna wa baƙo inda yake sai an shiga kwalekwale, domin ruwan Tiga ya daɗe da rufe shi. Sunan mahaifinsa Malam Mudi, manomin dawa da gyaɗa ne, yakan kuma taɓa ɗinkin hula da rani. Sunan mahaifiyarsa Dije, mutuniyar Kiru ce. Ba a riƙe ranar haihuwarsa ba, amma dattawan da suka san gidan sun haɗu a kan cewa da kaka ne, ana tsakiyar sussuka.

Gidan Malam Mudi yana bakin hanyar da ta ratsa ƙauyen, kuma a wancan zamani hanyar ita ce zauren kowa da kowa. A kanta ake shanya, a kanta maza suke cin tuwo, a kanta ake ɗaurin aure da zaman makoki, in jaki ya zo da kaya sai ya raɓa ta gefe. A nan Sadisu ya yi rarrafe, a nan ya koyi tafiya.

Karatunsa

Ya fara karatun allo a hannun limamin ƙauyensu, ya yi nisa gwargwado kafin a sa shi a firamare ta Bebeji a shekarar 1965, inda yake zuwa da ƙafa tare da yayyensa. Malamansa sun shaide shi da saurin fahimta da kuma taurin kai, har an ce in ya tabbatar yana kan daidai, bulala ba ta sa shi sauya amsa. Bai wuce aji biyar ba aka mayar da shi gona, saboda yayyen sun fara tafiya cin rani, hannu ya yi ƙaranci a gida.

Tashin Rafin Ɗinya

A shekarar 1973, aikin madatsar Tiga ya iso ga mutanen Rafin Ɗinya, aka sanar da su cewa za a mayar da su sabon matsuguni. Ranar da motocin kwasa suka zo, Malam Mudi ya shimfiɗa tabarmarsa a ƙofar gida ya zauna, ya ce shi babu inda za shi, a nan aka binne ubansa. Aka loda hatsi, aka loda tukwane da awaki, mata suka hau, shi yana zaune. Da aka gama lodi, direba ya danna oda, wato hon na mota, sau ɗaya. Sai Malam Mudi ya miƙe, ya naɗe tabarmar da hannunsa, ya hau mota bai waiwaya ba.

Sadisu yana ɗan shekara goma sha shida a lokacin, kuma wannan abu bai bar ransa ba har ƙarshen rayuwarsa. 'Ya'yansa sun sha jin yana cewa, “Tashin ba shi ya dame ni ba, ruwa ya fi ƙarfin kowa. Amma oda ɗaya fa! Ko ta biyu Baba bai jira ba.”

Abin mamaki kuma, a wannan rana ce ya fara shiga mota, a ranar ce kuma son ta ya kama shi. An ce tun daga ƙauyen har sabon matsuguni idonsa na kan hannun direban.

Aikin Mota

Bayan iyalin sun zauna, mahaifinsa ya koma kamun kifi da noman rani, shi kuwa Sadisu ya tafi Dangora a shekarar 1975 ya zama karen mota. Ya yi wanki, ya yi ɗaurin kaya, ya sa waigi ya tokare taya a hawa, ya sha zagi irin na iyayen gida, har ya sami lasisi a shekarar 1981. Daga nan ya riƙe babbar mota fiye da shekara talatin, yana ɗauko masara daga Doguwa da shinkafa daga Tudun Wada zuwa Kano, wani lokaci ya ratsa dajin Falgore ya nufi Jos. A duk tsawon wannan lokaci ba a taɓa kiransa gaban hukuma a kan ya taka ko da akuya ba.

A shekarar 1990 ya ɗauki wani yaro mai suna Hamidu a matsayin karen motarsa. Hamidu ya ci a gidansa, ya kwana a zaurensa, a hannunsa ya koyi tuƙi. Allah ya buɗa wa yaron daga baya, ya sayi motoci nasa na kansa, ya sauke farali, ya zama shugaban masu lodi na kasuwar shinkafa. Duk gari ana cewa Alhaji, Malam Sadisu kaɗai ya ci gaba da kiransa Hamidu, shi kuma bai daina ce masa Oga ba.

Aure da Zama a Tudun Wada

A shekarar 1983 ya auri Barakatu, 'yar wani manomi a Dangora, kuma ita kaɗai ya aura har ya bar duniya. Suka tare a Tudun Wada, a wani layi da ya taso daga babban titi ya ɓulla bayan kasuwa, wanda ake kira Layin Shanya. Sunan ya samo asali daga sana'ar matan layin, wato turara shinkafa. Sukan sayi shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, su jiƙa, su turara a manyan ganguna, su baza a ƙofar gidaje ta bushe, sannan a kai injin casa. Barakatu ta koyi sana'ar a shekararta ta farko, ta zama ɗaya daga cikin manyanta. An san ta da baki, an kuma san ta da kyauta.

Allah ya azurta su da 'ya'ya takwas, biyu suka rasu suna ƙanana. Babbansu Mujitaba, wanda aka haifa a shekarar 1985, ya gaji mahaifinsa a tuƙi, kuma da ya sami lasisi sai ya kama aiki a motocin Alhaji Hamidu.

Neman Kwalta

Babbar damuwar matan layin a wancan lokaci ita ce tsakuwa. Shanya a kan ƙasa, komai shimfiɗar buhu, sai yashi ya shiga shinkafa, kuma mai saye in ya tauna ya ji tsakuwa ba ya dawowa. Matan sun ga yadda mutanen bakin babban titi suke baza tasu a gefen kwalta ta bushe da wuri kuma tas, sai suka ƙudurta cewa maganin matsalarsu kwalta ce. Barakatu ta sa mijinta a gaba da maganar, safe da yamma.

“Malam, kai kullum kana kan kwalta, mu muna tsince tsakuwa kamar kaji. Ka je ka roƙo mana tamu mana!”

Shi ya jagoranci dattawan da suka yi ta kai koke, har aka shimfiɗa wa layin kwalta a shekarar 2010. Ranar da aka gama, mata suka yi guɗa, suka share ta da tsintsiya, suka wanke ta da ruwa kamar daɓen ɗaki. A lissafinsu an yi musu wurin shanya ne. Babu wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa layi mai kwalta da ya haɗa babban titi da bayan kasuwa, a idon direba, hanyar yanke ce.

Ba a rufa wata ba motoci suka gano shi. Da farko ranar kasuwa kaɗai, daga baya kullum. Shanyar da a da take cin faɗin layin ta koma ɗan siriri a jikin bango. Tsofaffi suka ɗauke majalisarsu, aka daina barin yara su fito, mai zuwa masallaci sai ya manne da katanga ya jira tirela ta wuce. Malam Sadisu ya ajiye tuƙi a shekarar 2012 saboda raunin ido, ya dawo gida ya tarar ba shi da inda zai zauna a ƙofar gidansa.

Rasuwar Barakatu

A watan Nuwamba na shekarar 2016, ranar kasuwa da hantsi, Barakatu tana durƙushe tana juya shanyarta, wata babbar mota da ta zo daga wani gari ta yi baya don ta ba wata motar hanya, ta haɗa ta da bango. Kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa.

Mutane suka yi kan direban, wani matashi. Malam Sadisu da kansa ya shiga tsakani, ya ce a sake shi. Ya ce shi ma direba ne, ya san abin da madubi ba ya nunawa, kuma ya yafe masa duniya da lahira. Waɗanda suke wurin sun ce ya ƙara da cewa, “Yaron nan hanya ya gani ya bi. Wanda ya roƙo hanyar ga shi a tsaye.”

Zaman Tabarma

Aka yi jana'iza, aka shimfiɗa tabarmi a layi don karɓar gaisuwa kamar yadda aka saba. Al'ada ce da kowane direba ya sani, cewa mota ba ta ratsa zaman makoki, ba a kuma yi masa oda. Wanda ya iso sai ya kashe mota, ya sauko, ya tsuguna ya yi addu'a, sannan ya koma da baya ya nemi wata hanya. Kwana uku layin ya yi shiru irin wanda aka manta da shi.

Da aka yi addu'ar uku jama'a suka watse, matasa suka naɗe tabarmi. Da suka zo kan wadda Malam Sadisu yake zaune, a tsakiyar kwalta daidai ƙofar gidansa, sai ya ce su bar ta. Washegari ya fito bayan asuba ya zauna a kanta. Motar farko ta iso, direban ya ga dattijo da carbi a tsakiyar hanya, ya sauko ya tsuguna.

“Baba, ya ƙarin haƙuri?”

“Da godiya. Allah ya ba da lada. Ka iya ribas ko in taya ka dubawa?”

Wanda ya riga ya tsuguna ya shafa addu'a ba ya iya buɗe baki ya ce a ɗage masa tabarma. Haka suka riƙa komawa da baya ɗaya bayan ɗaya.

Da abin ya wuce mako, limamin unguwa ya zo ya same shi, ya tunatar da shi cewa zaman makoki ba ya wuce kwana uku, kuma ci gaba da shi nuna rashin yarda da ƙaddara ne. Malam Sadisu ya saurare shi har ya gama.

“Allah gafarta Malam, gaskiya ka faɗa. Makoki ya tashi tun ranar uku, a sanar a masallaci kowa ya ji. Yanzu zama nake yi a ƙofar gidana. Shi ma akwai iyakarsa?”

Liman ya ce bai san da ita ba. Aka sanar a masallaci, don kada a ce ya yaudari kowa. Amma kafin sanarwar ta zaga, abin ya riga ya wuce mutum ɗaya. Suwaiba, aminiyar marigayiya kuma babba a cikin masu turara shinkafa, ta fito da shanyarta ta baza a bayansa, daga bango zuwa bango. Sauran mata suka biyo ta. Tsofaffi suka dawo da majalisa gefen tabarmar, har suka tsara cewa in ya tafi masallaci ko ya shiga gida, wani ya zauna a kai, kada a bar ta babu kowa. In rana ta faɗi kuwa, matan sukan mirgino gangunansu su jera a bakin layi har gari ya waye.

Ranar da Aka Turo Ɗansa

Alhaji Hamidu ya yi aike, ya zo da kansa, ya yi lallashi, ya yi faɗa. Hujjarsa ba ta banza ba ce, domin cunkoson kasuwa ya dawo, masu kaya suna kuka, kuma kwaltar ta gwamnati ce ba ta gado ba. Da ya ga babu nasara, sai a farkon shekarar 2017 ya sa aka cika mota da buhuna, ya ba Mujitaba makulli, ya ce ya bi ta Layin Shanya, a ga ko tsohon zai hana ɗan cikinsa neman abinci.

Mutane suka cika bakin layi. Motar ta shigo a hankali har inuwarta ta rufe tabarmar. Malam Sadisu bai ɗaga kai ba. Mujitaba ya daɗe a zaune injin na ruri, hannunsa a kan sitiyari, daga ƙarshe ya kashe, ya sauko, ya cire takalmi ya durƙusa.

“Baba, barka da rana.”

“Barka kadai. Ka ci abinci?”

“Baba, aikina ne. In na koma da kayan nan, da wane ido zan dubi Alhaji?”

“Da wanda kake dubana da shi. Ga oda nan a hannunka, ai ba ta lalace ba. Danna mu ji.”

Mujitaba bai danna ba. Ya hau mota ya sa giyar baya. Sai mahaifin ya miƙe, wani tsoho ya maye gurbinsa a tabarma, shi kuma ya zaga bayan motar yana ɗaga hannu yana kira kamar karen mota, “Taho! Taho! Karya hagu kaɗan! Wa ya koya maka ribas haka?” har ya fitar da shi babban titi, jama'a na ta dariya.

Dariyar nan ta yi wa Mujitaba ciwo. A tasha aka sa masa suna Mai Ribas, yara na kiransa da shi. Ya ɗauke ƙafa daga majalisar mahaifinsa, gaisuwa kaɗai ke haɗa su, kuma mutane da dama sun ji shi ya ce duk ranar da ta Allah ta kasance, shi da hannunsa zai naɗe tabarmar nan.

Ƙara da Sulhu

A shekarar 2018 masu lodi suka kai ƙara a kan tare hanya. Malam Sadisu ya halarci kowane zama da ƙafarsa, bai musa komai ba. Da aka tambaye shi ko yana da abin cewa, ya ce an taɓa tayar da gidansu saboda ruwa sun tashi, ba za a sake tayar da shi saboda taya ba, in ɗauri ne a ɗaure shi, amma a sani akwai tsofaffi a layi da suke jiran a ba su wurin. Alƙali ya ga al'amari ne na maƙwabta da uban gida da yaronsa, ya mayar da shi ga dattawan gari su sasanta.

A zaman sulhun aka amince motoci su riƙa sauke kaya a wani fili da ke bakin babban titi, 'yan baro da 'yan kura su shiga da su kasuwa. Ba a rubuta cewa an rufe layin ba, domin babu mai ikon rubuta haka a cikinsu. Alhaji Hamidu ne ya yanke maganar a gaban kowa.

“Oga, na bar ka albarkacin tuwon da na ci a gidanka. Muddin tabarmar nan na shimfiɗe, motata ba za ta shiga ba. Amma ran da aka naɗe ta, wallahi ko minti ba zan ƙara ba.”

“To ka riƙa yi mini addu'ar tsawon rai da baki, Hamidu, zuciya kuwa Allah ya san abin da take ciki.”

Shekarunsa na Ƙarshe

Daga nan layin ya koma hannun masu tafiya da ƙafa. Ramukan da manyan motoci suka riga suka fasa a kwaltar, Malam Sadisu ya zuba musu ƙasa da taki ya dasa darbejiya da mangwaro, yana cewa shi bai fasa kayan gwamnati ba, abin da ya tarar a fashe ya yi wa amfani. Awaki suka cinye wasu, aka tumɓuke wasu ba a san wanda ya yi ba, ya sake dasawa. Waɗanda suka rayu duk ta ɓangare ɗaya suke, saboda haka faɗin mota bai gushe ba yana nan a buɗe, tabarmar ce kawai a bakinsa.

Mai shayi ya kafa tebur, masu ƙosai suka dawo, 'yan Islamiyya suka riƙa wucewa a jere ba mai riƙe musu hannu. Matasa da yawa suka sami abin yi da baro. Jikokinsa, har da 'ya'yan Mujitaba, a kan kwaltar nan suka koyi tafiya. Ba kowa ya ji daɗi ba, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba. Masu shaguna biyu sun tashi saboda kaya ba ya isowa ƙofarsu, akwai kuma maƙwabcin da ya sayi mota ya rasa hanyar kai ta gida, bai sake yi masa magana ba sai a gadon jinya. Mota iri biyu kaɗai yake ɗage wa tabarma da hannunsa, mai ɗauke da marar lafiya da mai ɗauke da mace a kan gwiwa. Masu babur kuwa sai su kashe su tura.

Jinya da Wafati

A damunar shekarar 2024 ciwon ƙirji ya kama shi, ya riƙa fitowa ana riƙe da shi. Ranar da jikin ya tsananta aka kira mota za a kai shi asibiti, sai ya hana ta shigowa, duk da cewa ya sha buɗe wa wasu. Ya ce in aka buɗe don shi, gobe kowane buhu zai zama marar lafiya. Mujitaba ne ya goya shi a baya tun daga ƙofar gida har bakin titi. Ƙannensa da suke biye sun ji abin da tsohon ya faɗa masa a hanya.

“Na ji abin da ka ce a tasha, ban kuma riƙe ka ba. In na tafi tabarma taka ce, in ka ga dama ka naɗe. Abu ɗaya nake roƙo. Kada ka naɗe ta don an yi maka oda.”

Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata, 10 ga watan Disamba, 2024, yana da shekara sittin da bakwai. Aka yi masa salla bayan azahar a cikin Layin Shanya, sahu ya cika shi daga bakin titi har bayan kasuwa, mata suka kwashe shanyarsu da kansu don a sami wurin tsayuwa. Aka ɗauki makararsa a kafaɗa zuwa maƙabartar gari, aka binne shi ba nisa da kabarin matarsa.

Ranar Alhamis aka yi addu'ar uku. Alhaji Hamidu ya zo da ƙafa, ya zauna tun safe, an kuma ga hawaye a idonsa. Amma bai manta da rantsuwarsa ba, domin kafin a shafa fatiha wata motarsa cike da buhuna ta riga ta tsaya a bakin layi, hancinta na kallon ciki. Jama'a suka ƙi watsewa. Suwaiba da sauran mata suka tsaya a ƙofofin gidaje da kwanukan shanshera a hannu, ba su baza ba, ba su koma ciki ba.

Mujitaba ya miƙe ya fara naɗe tabarmi yana miƙa wa ƙannensa, har ya rage ta tsakiya, wadda gefenta ya sha ɗinki. Ya sunkuya ya kama bakinta. Waɗanda suke kusa sun tabbatar da cewa ya riga ya fara naɗewa. A daidai wannan lokaci direban da ke bakin layi, wanda ya gaji da jira, ya danna oda.

Mujitaba ya tsaya a sunkuye. Sai ya warware abin da ya naɗe, ya kakkaɓe shi da tafin hannu, ya cire takalmi ya zauna. Ya zaro makullin motar da yake tuƙawa daga aljihu ya ajiye a gaban uban gidansa.

Alhaji Hamidu ya juya wajen titi yana ɗaga murya, “Wane ɗan banza ne ya taɓa odar nan?”

“Ka bar shi ya ƙara, Alhaji,” in ji Mujitaba. “Kakana oda ɗaya ya ji ya tashi. Ni ina so in ji ta biyu.”

Ba a danna ta biyu ba. Alhaji Hamidu ya dubi makullin, sannan ya tura wa Mujitaba shi da ƙafa, ya ce gobe akwai lodin Doguwa, kada ya makara. Ya taka har bakin layi, ya tsaya a bayan motarsa da babbar riga, ya duba mata hanya ta koma da baya. Kafin ta gama fita Suwaiba ta juye kwanonta a kan kwalta.

Iyalan da Ya Bari

Malam Sadisu Mudi ya rasu ya bar 'ya'ya shida da jikoki da dama. 'Ya'yan su ne Ramla, tana aure a Kiru. Da Nazifi, yana noman rani a bakin Tiga. Da Bushira, wadda ta gaji gangunan mahaifiyarta. Da Kamaluddeen, malamin firamare a Doguwa. Da autarsu Shamsiyya, tana karatu a Bagauda. Sai babbansu Mujitaba, direban babbar mota, wanda in ya dawo daga tafiya yake ajiye ta a fili ya tako gida da ƙafa. Har zuwa rubuta wannan tarihi babu takardar da ta rufe Layin Shanya, kuma ba a naɗe tabarmar ba.

Allah ya jiƙan Malam Sadisu da Barakatu, ya yalwata musu makwanci.